Kiyashi Uku a Ƙoƙon Nono

Kiyashi uku ne suka raba Furera da jaririnta. Kiyashi dai da kuka sani, irin wanda yake bin bakin kwanon sukari.

Kwananta uku da haihuwa, a wani ƙauye da ke gefen Burumburum, uwar mijinta Iya Saude ta shigo ɗakin da ɗan ƙoƙo a hannu, ta ce ta tatso. Furera ta san abin da ake nufi, don ta taɓa ganin an yi wa wata. Ta tatsa kamar cikin cokali biyu. Iya ta duƙa jikin bango ta tsinto kiyashi uku da tsinke, ta jefa a ciki, ta matsa hasken ƙofa ta ƙura ido. Ka'idar ita ce, in kiyashi ya yi iyo ya fita, nono lafiyayye ne, in kuwa ya mutu a ciki, to an sa masa baki. Na farko ya yi wutsil-wutsil ya tsaya. Na biyu ko wutsil ɗin bai yi ba. Na uku ya kusa kai gefe, Furera tana yi masa addu'a a zuci yadda ba ta taɓa yi wa ƙwaro ba, sai hannun Iya ya ɗan girgiza, shi ma ya bi 'yan'uwansa.

"Dama na faɗa," in ji Iya. "Mutanen ɓoye sun sha a nonon nan. Shi ya kashe na bara waccan, ba zan zuba ido ya kashe wannan ba."

Na bara waccan yaro ne da Furera ta haifa, ya kwana tara a duniya, jikinsa ya sandare ya koma. Iya ta sunkuya ta ɗauke jaririn daga cinyar uwarsa, ta wuce da shi ɗakinta. Aka kamo akuya aka tatsa, aka sirka da ruwan randa, aka fara ɗura masa da cokali.

Furera ba ta yi shiru ba, kada wani ya ce ta yi. Ta ce wannan nonon dai shi 'yarta Husna ta sha shekara biyu, ga ta can tana tsalle a tsakar gida. Iya ta ce lokacin mutanen ba su shiga ba. Washegari Furera ta ɗebo nonon akuyar da ake ba yaron, ta jefa kiyashi a gaban kowa, ya nutse ya mutu murus. Iya ta ce wannan rashin kunya ce, kuma ai da hannunta ta kamo shi, abin da ke jikinta ne ya bi shi. Furera ta kira mahaifiyarta a waya can Yako tana kuka. Tsohuwar ta ce ta yi haƙuri ta bi manya, zaman aure ake yi. Furera ta roƙa a kai ta asibiti a duba nonon, aka ce wace irin mai jego ce za ta taka waje ba ta yi arba'in ba.

Mijinta Uzairu ba mugu ba ne, in dai mugunta duka ce da zagi. Mutum ne mai sanyin baki, kuma duk inda magana ta ɗauki zafi sai ya tuna bai ba bijiminsa ruwa ba. Yana da wani farin bijimi da ya saya wurin Buba Bafulatani, ya ɗaure a turke yana kiwo don Babbar Sallah. Wannan sa yana cin harawa da dusa da kanwa a kan lokaci, ana goge masa jiki, ana kore masa ƙuda. In ya yi atishawa, Uzairu zai hau babur ya nemo mai allurar dabbobi ko ana ruwan sama. Da Furera ta tare shi a bakin turke ta ce ya karɓo mata ɗanta, sai ya ce Iya tara ta haifa, ita ce za a koya wa raino? Ta ce huɗu daga cikin taran suna ƙasa. Ya ce ta ji tsoron Allah, kwana ne ya ƙare. Ya ci gaba da sosa wa sa wuya.

Ranar suna aka yanka rago, aka raɗa wa yaro Ukasha. Mata suka cika gida suna karɓarsa hannu-hannu, suna Allah ya raya. Uwarsa tana zaune a kan tabarma da sabuwar atamfa, gaban rigarta ya jiƙe sharkaf, ƙirjinta ya yi tauri kamar an cusa duwatsu. Duk sanda yaron ya yi kuka sai nonon ya tsinke da zuba. Matan suka gani, suka kau da kai, wata ta ce ai gara haka da a rasa shi.

A kwana na goma gudawa ta fara. Daga ɗakinta Furera tana jin kukansa, tana kuma jin yadda kukan yake raguwa kullum. An bar ta ta leƙa shi safe da yamma, amma daga tsaye, hannunta a baya. Fatar cikinsa ta yi yaushi, maɗigarsa ta faɗa. Iya ta ce sauran abin da ya tsotsa ne a kwana ukun farko yake fita, a ƙara masa rubutu.

Abu ɗaya Furera ta riƙe. Ba ta yarda nonon ya ƙafe ba. Tsakar rana, in maza sun tafi gona gida ya yi tsit, takan zaga bayan ɗakinta inda take wankan jego, ta tatse a ƙoƙo, ta juye a wata tsohuwar rijiya da ta rufta tun kafin a kawo ta gidan. Nan ake watsa ruwan wankan ma.

Ranar da yaro ya kwana goma sha biyu, ta juye ƙoƙon ke nan sai ta ji an ce daga ƙasa, a'a, yau ma? Ta ɗauka kunnenta ne. Sai ga wata gajeriyar mata ta hauro daga rijiyar tana nishi, tana dafa gwiwa, da goyo a bayanta, ɗankwalinta yana ɗigar nono. Zaninta ya koɗe, tana warin jiƙaƙƙiyar toka. Ƙafarta ɗaya irin ta kowa ce, ɗayar kuwa kofato ne na akuya.

Furera ta zube a ƙasa ta kama karanto duk abin da ta haddace, wani ma ba wurinsa ba ne. Matar ta samu dutse ta zauna tana jira, kamar mai jiran ruwa ya ɗauke. Da ta ga ta lafa sai ta yi mata barka da arziki, ta tambayi jiki, ta tambayi ɗan baƙo, sannan ta shiga abin da ya kawo ta. Ta ce shekararta saba'in a rijiyar nan da 'ya'ya goma sha ɗaya, mijinta ya tafi dajin Falgore neman abin kai wa baki shekara arba'in ke nan ko saƙo. Ta haƙura da tafasasshen ruwan darbejiya da ake sheƙa musu safe da yamma ba ko bisimilla, ta juyo da goyonta ta nuna inda gashinsa ya sale. Amma nono kullum a ka, wannan kam ya isa, ɗakinta duk ya yi tsami.

"An ce ku kuka sha a ciki," in ji Furera.

Matar ta riƙe haɓa. "Mu? Ni da nake da nawa yana zuba? Baiwar Allah, me zan yi da nonon mutum? Kiyashi kuma ko a ruwan randa kika jefa shi ai nutsewa zai yi."

Daga nan bakinta ya buɗe, da alama ta daɗe tana neman wanda za ta faɗa wa. Ta ce ba ta taɓa zama da mutane masu ɗora wa maƙwabci laifi irin na gidan nan ba. Sauro ya ciji yaro, su ne. Tuwo ya kwana ya lalace, su ne. Bara da Uzairu ya faɗa kwalbati da babur a hanyar Kiru, gyangyaɗi ya kwashe shi bayan ya cika ciki da fura, amma ya dawo ya ce wata farar mata ce ta gifta masa. Ita ko ba fara ba ce. Shi kuma yaron bara waccan, tana zaune a kan katanga aka yanke masa cibiya, da tsohuwar rezar nan da Iya take ajiyewa a ƙarƙashin kwalla, wadda take yanke farce da ita. Duk tsatsa. Bana Allah ya taimaka ungozoma ta zo da sabuwa.

Shekara biyu Furera tana kwana tana tashi da cewa ita ta kashe ɗanta da abin da ke ƙirjinta, ana kallonta a gidan da wannan idon, ita ma tana kallon kanta da shi. Ranar ba ta iya shan kunun kanwa ba.

Kwana uku a jere suna haɗuwa a bakin rijiya, yanzu a gefe take juye nonon. A na ukun Ukasha ya daina kuka, sai dai ya buɗe baki kawai. Furera ta durƙusa gaban matar, abin da ba ta taɓa zaton za ta yi ba, ta ce ta warkar mata da shi.

Matar ta ce ita ba ta iya gyara ba, ba a ba su wannan ba, da ta iya da ta fara da bayanta da ke ciwo. Abu biyu ta iya: ta ɗaure ƙafa, ta karkatar da baki. In Furera tana so, gobe kafin azahar ta juye ƙoƙon nonon a bakin ƙofar Iya maimakon nan. Wannan ya isa kira. Iya za ta kwanta, ba za ta mutu ba, ba kuma za ta sake tashi ko ta yi magana ba, kowa ya ɗauki ɗansa. Furera ta tambayi ladan aikin. Matar ta ce a riƙa barin ruwan wanka ya huce kafin a watsa, shi ke nan.

"Abin da ke tsakaninki da Mahaliccinki kuma, wannan ke kika sani," in ji ta. "Ni ma tawa tambayar tana jirana. Kada gobe ki ce ban faɗa miki ba."

Furera ta san hukuncin, ta yi Islamiyya har aji huɗu. Ta san wanda ya nemi irin wannan taimako ya sayar da abin da ba ya sayuwa. Amma ta kuma san nauyin gawar jariri, ta taɓa riƙewa. Da safe ta leƙa shi ta ga idanunsa sun zurma, ta tambayi kanta wanne ne ya fi, ta tashi gaban Allah da alhakin tsohuwa, ko ta sake miƙa ɗa a cikin tsumma a wuce da shi bayan gari. Ta tuna rezar. Rana na take tsaka ta tatsa ƙoƙon ya kusa cika, ta ɗauka da hannu biyu ta nufi ɗakin Iya.

Asabarin ƙofar a sake yake, amma ana gani ta tsakaninsa. Iya tana zaune a ƙasa ta miƙe ƙafa, yaron a cinyarta, tana ɗiga masa nonon akuya yana dawowa ta gefen baki, tana gogewa da bakin zaninta tana sake ɗigawa. Kuka take yi mara sauti. Tana kiran sunayen nata huɗun ɗaya bayan ɗaya, tana cewa yaron kada ya bi su, ya dube ta ya zauna, ta yi iya yinta. Furera ta lura tsohuwar ta rame. Kwana goma sha uku ita ma ba ta yi barcin kirki ba.

Abin da ya fi ƙona rai ke nan. Da muguwa ce, da an huta. Amma ga mace tana kashe jikanta da hannunta, tana kuma son sa har cikin ranta, kuma duk duniya ba wanda ya isa ya gaya mata. Furera ta tsaya har ƙoƙon ya karkace, nono ya ɗiso a yatsunta, ta yi maza ta tare da zani kada ya taɓa ƙasa. Ta juya. Ta koma bayan ɗaki, don haushi ta sheƙa ƙoƙon gaba ɗaya a rijiya.

Matar ta fito tana share fuska tana mita. Da ta ji yadda aka yi sai ta taɓe baki, ta ce to ta shirya tsumma. Furera ta ce in haka ne ta shiga jikinta, ta yi magana da bakinta, ta faɗa musu gaskiya. Matar ta ce Allah ya kiyaye, ta shiga jikin mai jego da wannan zafin, ga kanwa, ga goyo a bayanta? Kuma wannan ma ai kira ne, duk hukuncin ɗaya. Ta gyara goyo za ta koma, sai ta tsaya tana girgiza kai. Ta ce ita abin da yake ba ta mamaki, shekara saba'in ba ta taɓa ce wa mutanen gidan nan uffan ba, amma ko tari ta yi sai an yanka zakara. Ita kuwa Furera kwana goma sha uku tana magana da Hausa garau, ko waiwayowa ba a yi ba.

Ta shige rijiya abinta. Furera ta daɗe a tsugune tana kallon tokar murhun wanka.

Bayan la'asar maza suka dawo daga gona. Uzairu yana zuba wa sa dusa, ƙaninsa yana wanke ƙafa, matar ƙanin, Bushira, tana tankaɗe da tsohon cikinta, Husna tana wasa da gwangwani. Furera ta ce astagfirullah sau uku a ɗaki. Ta cire ɗankwali ta barbaza gashi, ta shafe fuska da toka, ta fito tana jan ƙafa ɗaya. A tsakiyar gida ta yanke jiki ta faɗi, ta yi birgima, ta tashi zaune ta kafe ido. Muryar da ta fito daga bakinta ita kanta ba ta san tana da ita ba.

Ta ce ita ce ta rijiya. Ta ce ta gaji da ƙazafi. Ta nuna Uzairu ta ce kai, wace farar mata ce ta gifta maka a hanyar Kiru, ba barci ka yi ba? Kwanon dusa ya suɓuce daga hannunsa. Ta juya ga Iya da ta fito bakin ƙofa, ta ce a ɗaga kwalla ta uku a ɗauko rezar da aka yanke cibiyar na bara waccan, a duba tsatsar da ke jiki. Sannan ta faɗi abin da Furera ta yi kwana goma sha uku tana faɗa, kalma ɗaya ba ta canza ba: nonon lafiyarsa ƙalau, a mayar wa uwa da ɗanta, a kai shi asibiti.

Wallahi ko a nan ba su ba da yaron ba. Iya ta tare ƙofa da hannu biyu ta ce kun gani ko, ga shi sun fito da bakinsu, yanzu ne ma ba za a ba ta ba. Uzairu ya durƙusa yana ku yi haƙuri, ku yi haƙuri, za a yanka muku jan zakara, za a kira malam. Furera ta ji ƙarfinta yana ƙarewa. Ta ga Husna ta maƙale a bayan turmi tana kallonta. Sai idonta ya faɗa kan turke.

"To ku riƙe shi," in ji muryar. "Amma in rana ta faɗi yaron nan bai kama nono ba, farin san nan ba zai ga Sallah ba."

Kamar an shirya, sa ya zabura ya yi wani irin kuka, ya fizgi igiya har turke ya girgiza. Uzairu ya miƙe. Mutumin da bai taɓa ɗaga ido ya kalli mahaifiyarsa ba ya nufi ƙofarta kai tsaye. Ta riƙe masa riga tana cewa zai kashe yaron. Ya zare hannunta a hankali.

"Iya, ki yi haƙuri," ya ce. "Sa ne fa."

Ya fito da Ukasha ya ɗora a cinyar Furera. Yaron ba shi da nauyin kaza. Ta sa masa a baki, bai kama ba. Ta matsa ɗigo ɗaya a leɓensa, ta sake matsawa. Gidan ya yi tsit, Uzairu yana kallon rana yana kallon sa. Can sai ɗan bakin ya motsa, ya ja sau ɗaya, ya huta, ya sake ja. Hawaye ya wanke tokar fuskarta layi biyu, ba ta kuma yarda ta yi kukan da muryarta ba, don kada a gane.

Kafin magariba suna kan babur zuwa asibitin Tudun Wada, ba wanda ya tuna da arba'in. Ma'aikaciyar jinya ta duba yaron ta dubi Uzairu, ta ce da sun ƙara kwana ɗaya da ba nan za su kai shi ba. Aka sa masa ruwa. Kwanansu shida aka sallame su, Ukasha ya rayu.

Suka dawo suka tarar an kewaye rijiya da sabon zana, an yanka zakaran a bakinta. Iya tana ba maƙwabta labari cewa kiyashi bai taɓa ƙarya ba, ga shi dai akwai su ɗin, lallashi ne kawai ya sa suka saki nonon. Rezar an jefar da ita a masai, ba don tsatsa ba, don mutanen ba sa son ta. Uzairu ya koma ce wa matarsa ku. In za ta wuce sai ya kauce, in ta ce gishiri ya ƙare kafin ta rufe baki ya hau babur. Shekara shida da aure, ranar da ya fara jin maganarta ba ita yake ji ba, kuma ta sani.

Wannan duk mai sauƙi ne. Husna ce ta daina zuwa wurinta. Yarinya 'yar shekara biyar ta kwashe tsummokaranta ta koma ɗakin Iya, ba ta cin abinci daga hannun uwarta, in ta kira ta sai ta tsaya daga nesa tana leƙen ƙafafunta. Furera ba ta isa ta ce mata wasa ne ba, don bakin yaro ba ya riƙe magana, in kuwa ta fita, an gama. Sai dai ta yi sallah ta daɗe a kan tabarma tana neman gafarar ƙaryar da ta yi, ba ta kuma san ko in aka mayar da ita ranar za ta fasa ba.

Wata tsakar rana ta zaga baya ta tarar da matar rijiya ta ɗaure kaya a ka, 'ya'ya sun yi layi a bayanta. Ta ce tashi za su yi, can wajen Doguwa wata 'yar'uwarta ta samo musu kogon kuka. Tun da aka kewaye wurin ba iska, ga jinin zakara ya tara ƙuda, ga Iya kullum da asuba tana zuwa gaisuwa, yara ba sa samun barci. Furera ta yi mata godiya a kan sa.

"Wane sa? Ni ban taɓa shi ba, bobuwa ce, ƙudan nan mai cizon shanu, ta cije shi a cinya," in ji ta. "Kin gani ko? Har ke."

Ta ja 'ya'yanta suka bi ta cikin masara. Tun daga ranar ba kowa a rijiyar sai kwaɗi, amma har yau Iya tana durƙusawa a bakin zana tana tambayarsu kwanan iyali.

Ni dai abin da na gani ke nan a gidan, kuma ba gidan kaɗai ba ne. Mace ta faɗi gaskiya da hankalinta, a ce ba ta da kunya. Ta faɗi ita ɗin dai tana birgima a ƙasa, a durƙusa mata. Ran jariri ya yi kwana goma sha uku a hannunsu ba wanda ya motsa, ran bijimi kuwa bai yi minti biyar ba.

Wata biyu bayan haka Bushira ta haihu, 'ya mace, haihuwar fari, kuma ba a bar ta ta je wankan gida ba saboda aikin kaka. A lokacin Ukasha ya yi kumatu. Husna ma ta fara saukowa. Da safiyar kwana na uku, karo na farko tun ranar toka, ta zo da kanta ta zauna tsakanin ƙafafun uwarta ta ce a yi mata kitso. Furera ta ɗauki mataji, tana tsaga gashin a hankali kamar mai tsoron ya fashe. Ta gama layi biyu ke nan sai ga Iya ta ratsa tsakar gida da ɗan ƙoƙo, tana duba jikin bango da tsinke a hannu.

Ƙofar Bushira a buɗe take. Yarinyar tana zaune ta ƙanƙame jaririyarta, ba Iya take kallo ba, Furera take kallo.

Furera ta gwada da muryarta tukuna. Ta ce Iya, don Allah a bar wannan gwajin, an ga abin da ya jawo. Iya ko juyowa ba ta yi ba, ta ce naki daban, wannan kuma daban, ta shige ɗakin.

Furera ta ajiye mataji. Ta sunkuya ta ce wa Husna ta je maƙwabta ta aro mata zare. Husna ta ce sai an gama, ta riƙe gefen zaninta. Ta sake cewa ta je, yarinyar ta ƙi. Daga ɗakin ana jin Iya tana cewa tatso, tatso mana.

Ta kwantar da Ukasha a tabarma. Ta sa hannu ta zare ɗankwalinta, ta miƙa ɗaya hannun cikin murhu ta damƙo toka. Husna ta saki zanin, ta ja da baya da rabin kitso a kanta har ta jingina da bango. Furera ta gan ta sarai. Ta shafa tokar, ta yi gyaran murya.